Goshinta sanyi ƙalau, amma tarin fuka ya ci huhun ƙanwata

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, abin ne ya tsaya mini a rai. Ƙanwata ce, shekararta 22, siririya ce tun tasowarta. Da aka sa ranar bikinta sai ƙawaye suka haɗa ta da ƙwayar ƙiba, wadda ake ce wa sha ka fashe, 'yan ƙanana a ƙulle a leda. Wata biyar tana sha safe da dare, ba wanda ya sani a gida. Mu dai mun ga kumatu sun fito, fuska ta yi zagaye kamar faifai, har Umma tana cewa hankalin amarya ya kwanta. Bayan biki ta fara ɗan tari, irin na gyaran murya. Na sha ɗora hannu a goshinta, sanyi ƙalau. Tana cin abinci, ba ta rame ba. Sai ranar da ta tofar da jini a bahon wanki aka garzaya da ita asibiti. Aka yi hoton ƙirji da gwajin kaki, aka ce tarin fuka ne, kuma ya taɓa huhun duka biyu. Likitan ya duba ragowar ƙwayar ya ce deksametazon ce a ciki, wani magani mai danne kumburi, ita ta hana jikin nata yin kururuwa. Tambayata ita ce, mu mun taso muna ganin zazzaɓi da kumburi su ne ciwon, su ake kora. To ta yaya rashinsu zai zama shi ne abin da ya cuce ta?

Hajiya Babba: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba ta lafiya 'yata, ya sa kaffara ne.

Baban Sadik: Allah ya ƙara sauƙi. Amma Maman Ilham, anya ba ɗora wa magani laifi aka yi ba? Tarin fuka ai ɗauka ake yi, ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Wataƙila a taron biki ta shaƙa.

Ɗan Lab: Wa alaikumus salam. Baban Sadik, maganarka da gaskiya a ciki, ƙwayar cuta ce ke kawo shi, amma bari in ɗauko zancen daga tushe. Idan ƙaya ta soke ki, wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, yana zugi, jikinki ne ya yi wannan aikin da kansa. Wani marubucin Rumawa mai suna Selsus ya lissafa waɗannan alamomi huɗu tun ƙarni na farko. Akwai ƙwayoyin halitta masu gadi a ko'ina cikin tsoka, da sun ji baƙo sai su saki wasu sinadarai, mu ce 'yan aike. Manya daga cikinsu su ne TNF, intalukin 1, intalukin 6, intalukin 12 da intafiron gama. Wani ya je ya buɗa jijiyoyin jini don fararen ƙwayoyin jini su sami hanyar fitowa, shi ne jan da kumburin. Wani ya tafi hanta ya sa ta fitar da wani sinadari mai suna CRP, wanda muke aunawa a lab. Wasu su kai saƙo ƙwaƙwalwa, a can a samar da wani sinadari mai suna furostagilandin, shi kuma ya ɗaga ma'aunin zafin jiki, shi ne zazzaɓi. Kamar dai yadda ake buga kuge a gari idan ɓarayin shanu sun shigo. Deksametazon kuwa shiga take yi har cikin ƙwayar halitta ta hana a ƙera waɗannan 'yan aiken tun daga farko. Ɓarawo yana cikin garke, mai kuge kuma an ɗaure masa hannu.

Maman Ilham: Na fara ganewa. Amma ko da an ɓoye zazzaɓin, ai da sai ciwon ya tsaya yadda yake. Nata likita ya ce ya bazu da sauri.

Likitan Ƙirji: Sannu Maman Ilham, Allah ya tashi kafaɗunta. Nan ne ainihin maganar. 'Yan aiken nan shela kaɗai ba ita ce aikinsu ba, su ne kuma ke tsare fursuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar tarin fuka, amma kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai cikinsu ciwon ke tasar wa a tsawon rayuwa. Dalili shi ne jiki yana kewaye ƙwayar da wata 'yar ganuwa ta fararen ƙwayoyin jini, a cikin huhu ko a kaluluwa, ta zauna a nan shekara da shekaru. Ganuwar nan ba ta ƙasa ba ce da za a gina a tafi, rayayyu ne ke tsaye kafaɗa da kafaɗa, kuma TNF da intafiron gama ne ke riƙe su a wurin suna ba su umarnin kisa. Ranar da waɗannan biyun suka yi ƙasa, sahu ya watse. Saboda haka Baban Sadik, mai yiwuwa ne ƙwarai tun tana yarinya ta ɗauka, jikinta ya tsare ta tsawon shekaru, ƙwayar ƙibar ce ta buɗe ƙofa.

Kuma an ga wannan a fili. A 1998 aka amince da wata allura a Amurka mai suna infiliksimab, aikinta ɗaya tak, ta kama TNF ta hana shi aiki. Ta taimaki masu amosanin gaɓoɓi da masu gyambon hanji sosai, mutanen da ba sa iya buɗe murfin kwalba suka koma aiki. A 2001 sai aka fitar da rahoton mutum 70 da tarin fuka ya tasar wa bayan allurar, rabinsu cikin mako 12 na farko, kuma 40 daga cikinsu ciwon ya fita daga huhu zuwa wasu sassan jiki. Tun daga nan ya zama ƙa'ida, ba a fara wa mutum irin wannan allura sai an bincika ko yana ɗauke da kwantaccen tarin fuka. Ɗan aike ɗaya kacal aka cire a can. Deksa kuwa kusan dukkansu take rufe wa baki lokaci guda.

Baban Sadik: Likita ranka ya daɗe, na karɓi wannan. Amma ni yayana ya kwanta lokacin korona, yana kan iskar oksijin, kuma deksametazon ɗin nan aka ba shi ya tashi. Yanzu a zo a ce mini guba ce? Ku likitoci ku tsaya a magana ɗaya mana.

Likitan Ƙirji: Maganar ɗaya ce, Baban Sadik. Binciken da ya sa aka ba yayanka ita, a Birtaniya aka yi shi, jami'ar Okisfod ta jagoranta, aka sanar da sakamakon ranar 16 ga Yuni 2020. Miligiram 6 a rana, ba a wuce kwana 10 ba. Waɗanda ke kan na'urar numfashi, mutuwa ta sauko daga kashi 41 zuwa 29 cikin ɗari. Waɗanda ke kan oksijin kamar yayanka, daga 26 zuwa 23. Amma ga abin da mutane ke tsallakewa: waɗanda ba su kai ga buƙatar oksijin ba, ba ta amfane su da komai ba, alƙaluman ma sun karkata wajen cutarwa, kashi 17.8 a kan 14. A kwanakin farko jiki yana buƙatar gangaminsa don ya murƙushe cutar. A mako na biyu, ga wasu, gangamin ne ke wuce gona da iri har ya cika huhu da ruwa, sai a sassauta shi. Kwana goma a gadon asibiti ana auna sukarin mutum, ina haɗinsa da wata biyar a ƙarƙashin filo?

A Indiya a 2021 an ga abin da ya faru da aka saki wannan magani ga kowa da kowa, musamman masu ciwon suga. Wata cutar fumfuna mai cinye hanci da ido ta kama fiye da mutum 40,000, wasu sai da aka cire musu ido.

Ɗalibar Likitanci: Likita, in ƙara wani abu da aka koya mana a kan koronar? A 2020 ɗin dai, ƙungiyar wani masanin garkuwar jiki, Farfesa Kasanoba, ta duba mutum 987 da cutar ta kai wa maƙura, aka tarar 101 jikinsu da kansa yana ƙera abin da ke kashe wani nau'in intafiron nasu, kuma 95 daga cikin 101 ɗin maza ne. Wato ɗan aiken farko ya yi ƙaranci, ƙwayar cutar ta samu sarari ta hayayyafa, sannan daga baya sauran suka taso a haukace. Ana ganin ƙarancin farko ne ya haifi ambaliyar ƙarshe.

Mai Kemis: Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma na san ƙarshen zancen nan kanmu zai faɗo. Ku sani mu ma a takure muke. Mace za ta zo ta ce ka ba ni deksa, ka ce sai da takardar likita, ta tsallaka shago na gaba ta saya, gobe ma ko farasitamol ba za ta saya a wurinka ba. Sannan dattijo zai zo da ciwon gwiwa, kuɗin mota zuwa asibiti ma ya fi ƙarfinsa, ka haɗa masa da firednisolon, 'yar uwar deksa, washegari ya zo yana sa maka albarka don ya iya ruku'u. In hana shi in ba shi me?

Nas ɗin Yara: Malam Mai Kemis, albarkar ta kwana nawa ce? Ni ce nake karɓarsu daga baya. Tsohuwa mai shekara biyu tana shan haɗin maganin ciwon gwiwa, sukari ya haura, ƙafa ta yi gyambo ba ya ja ba ya mugunya, yana ta ci ta ciki, ita kuma tana cewa ai ba ya zafi. Ka ce a takure kuke, to ita yarinyar nan da ta tofar da jini fa? Wani ne ya ƙirga mata ƙwayar nan a leda ya karɓi kuɗi.

Mai Kemis: Sista, ba ni na sayar mata ba. Kuma irin wannan ƙullin leda yawanci a hannun dillalai mata yake, da masu talla a intanet, da masu kwali a tasha.

Shugaban Zaure: 'Yan uwa a sassauta. Malam Mai Kemis ya fito ya faɗi abin da ke faruwa, da ya yi shiru da ba mu ji ba. A ci gaba da ilimi.

Nas ɗin Yara: Na ji Shugaba. Malam ka yi haƙuri, abin da nake gani ne ke ci mini rai. Bari in ba ku misalin da ba ruwansa da kemis, don ku ga Maman Ilham ba ita kaɗai goshi mai sanyi ya ruɗa ba. Na yi shekaru a ɗakin yara masu tamowa. Yaro mai ƙoshi idan cuta ta shiga jininsa zai yi zafi jau, ya yi ta tsala kuka, uwa ta ɗauko shi da gudu. Yaro mai tamowa kuwa, wanda zaren awon damtse ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, cutar tana jininsa amma jikinsa ba shi da abin da zai hura wutar da shi. Sai ka ga ya yi lamo, ya ƙi nono, tafin ƙafarsa sanyi kamar randa. Na tuna wata uwa da asuba tana ce mini, Sista yau alhamdulillahi zazzaɓin ya sauka, ya samu barci. Na sa ma'auni a hammatarsa, 34.6. Gabana ya faɗi. Nan take muka kwantar da shi a ƙirjinta fata da fata muka lulluɓe su, muka ɗura ruwan sukari, muka fara allura. Allah ya yi da sauran kwanansa. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a irin waɗannan yara sanyin jiki da faɗuwar sukari su kansu alamar cuta ne, kuma a ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta ko ba a ga zazzaɓi ba. Haka jariri sabon haihuwa, haka tsoho tukuf. Tsoho sai dai ka ga ya rikice yana kiran mutanen da suka rasu, ashe ciwon huhu ne ko na mafitsara.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da aiki. Sista, a kan ba kowa magani ɗin nan akwai magana daga wajenmu. An yi bincike a Madarunfa, nan jihar Maraɗi, aka fitar da shi a 2016, yara kusan 2,400 masu tamowa wadda ba ta zo da wata matsala ba, rabi aka ba su amoksisilin rabi ba a ba su ba. Wajen warkewa daga tamowar ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Alhali wanda aka yi a Malawi aka fitar a 2013 ya nuna amfani har a rage mutuwa. To ai ko masanan ba su gama daidaitawa ba.

Nas ɗin Yara: Gaskiya ne Malam, amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka, tamowa wadda ba ta zo da matsala ba, yaron da ke cin abincinsa yana wasa ana sallamarsa gida. A Madarunfa kuma ana bibiyar yaran kowane mako, da wanda ya canza za a kwantar da shi. Wanda ya yi sanyi ya ƙi ci, babu mai jayayya a kansa.

Ɗan Maraɗi: Na yarda da wannan rarrabewar.

Anti Mai Kayan Ƙamshi: Ni fa duk kun rikita ni. Kullum a Facebook ana cewa kumburin cikin jiki ne uwar cututtuka, suga, hawan jini, ciwon zuciya, a sha kurkum da citta a kashe shi. Ni kaina ina haɗawa ina sayarwa. Yanzu ku ce kada a kashe?

Ɗan Lab: Anti, abu biyu ne aka ba suna ɗaya. Wanda kike ji a Facebook shi ne ɗan kumburin da ke ci ƙasa-ƙasa shekara da shekaru, kamar garwashin da aka binne a toka, ana ganinsa a masu teɓa da masu shan sigari, kuma yana da hannu a ciwon zuciya. Can 'yan aiken sun ɗan haura kima ne kuma sun ƙi komawa gida. Namu na nan kuwa sun gaza tashi ne a ranar da ake nemansu. Citta da kurkum na miya da shayi ba su da ƙarfin da za su rushe ganuwar da Likita ya faɗa, ki ci gaba da sana'arki. Abin tsoro shi ne garin maganin da ake cewa na gargajiya ne amma an daka deksa a ciki. Duk haɗin da ya ɗauke ciwon gwiwa cikin dare ɗaya kuma ya kumbura fuska, a yi shakkarsa.

Maman Ilham: To farasitamol da muke ba yara fa? Kada in je ina kashe musu kuge ni ma.

Likitan Ƙirji: A'a, ki kwantar da hankalinki. Farasitamol saƙon ƙarshe yake tarewa, wanda ke ɗaga zafin jiki da zugi, masu gadin suna nan suna aikinsu. Ki ba su bisa nauyinsu. Sharaɗin kawai, saukar zazzaɓi bayan magani ba ya nufin ciwon ya tafi, a yi gwajin maleriya, kuma jaririn da bai kai wata uku ba asibiti ake kai shi kai tsaye.

Tsohon Ma'aikacin Kuturta: Assalamu alaikum. Ni ba na yawan magana a nan, amma wannan ta taɓo aikina na shekara talatin. A Saye ta Zariya na yi horo. Duk wanda ke son ya ga wannan darasi da idonsa, ya dubi kuturta. Ƙwayar cuta ɗaya ce, wadda wani likita mai suna Hansen ya gano a Nowe a 1873, amma za ka ga mutum biyu kamar ba ciwo ɗaya ke damunsu ba. Na farko tabo ɗaya ko biyu ne a baya ko a damtse, ya yi fari-fari, gefensa a fili, ka shafa auduga ba ya ji. Ka kankari fatar ka duba a madubin lab, da ƙyar ka ga ƙwaya ɗaya. Jikinsa ya saki intafiron gama da yawa, ya killace ta. Na biyu kuwa fuska ta yi kauri, kunnuwa sun yi gudaji, gira ta zube, hanci a toshe, ka duba fatar kunnensa ka ga ƙwayoyin dami-dami kamar an zuba tsintsiya. Shi nasa jikin bai aika wancan saƙon ba, ƙwayar ta yi ta haihuwa shekaru ba mai ce mata kanzil, kuma shi ne ya fi yaɗa ta. A 1991 masu bincike a Amurka suka auna sinadaran da ke cikin fatar kowane kashi suka tabbatar da wannan bambanci.

Amma ga inda abin yake da wuya, kuma ina so Sista da Malam Mai Kemis su ji. Mun sha ganin mutum ya fara magani, jikinsa ya farka, sai tabon ya yi ja ya kumbura, jijiyar gwiwar hannu ta yi kauri tana zugi, cikin kwanaki yatsu su fara lanƙwashewa. A wannan ranar firednisolon ce ke ceton hannun. Na ba da ita da hannuna ga manomi, makonni muna rage masa kaɗan-kaɗan, ya koma ya riƙe fartanya. Don haka ba na son a fita daga nan ana tsine wa maganin. Wuƙar da ke yanka ragon layya ce, a hannun yaro kuma ka san sauran.

Likitan Ƙirji: Allah ya saka da alheri Baba. Ko a tarin fukan ma, idan ya hau ƙwaƙwalwa, muna haɗa deksametazon da magungunan tarin, don kumburi a cikin ƙoƙon kai ba shi da wurin zuwa. Wani binciken da aka yi a Biyetnam aka fitar a 2004 ya nuna tana rage mutuwa. Bambancin shi ne akwai maganin da ke kashe ƙwayar a gefe.

Ɗalibar Likitanci: Akwai ma waɗanda da haka aka haife su. A 1996 likitoci a Landan suka ba da labarin yara huɗu 'yan ƙauye ɗaya a tsibirin Malta, dangin juna, da wasu ƙwayoyin cuta 'yan uwan na tarin fuka suka addaba, irin waɗanda ke cikin ƙasa da ruwa ba sa yi wa kowa komai. Uku sun rasu. Aka gano jikinsu yana ƙera intafiron gama, amma kunnen da zai ji saƙon ne babu a jikin ƙwayoyin halittarsu. A shekarar dai aka ba da labarin wata jaririya 'yar Tunisiya da allurar BCG, ta rigakafin tarin fuka, ta bazu a jikinta saboda wannan matsala.

Hajiya Babba: Subhanallah. To 'yata kada wannan ya sa mutane su guji allurar BCG, dama da ƙyar ake shawo kan wasu.

Ɗalibar Likitanci: Haka ne Mama, na gode da gyara. Abu ne mai wuyar samu ƙwarai, kuma BCG tana kare jarirai daga tarin fukan ƙwaƙwalwa wanda ke kisa. Na kawo shi ne don a ga aikin ɗan aike guda.

Uwar Biyu: Jama'a jikina ya yi sanyi. Mahaifiyata wata takwas tana kan firednisolon, likita ne ya rubuta mata saboda amosanin gaɓoɓi. Ni kuma man shafawa nake amfani da shi na ƙara haske, na duba kwalin yanzu na ga an rubuta kilobetasol, ashe shi ma danginsu ne. Yau ɗin nan zan kwashe duka in zuba a masai.

Likitan Ƙirji: Uwar Biyu, DAKATA. Kada ki taɓa maganin Mama. Wannan ita ce magana mafi muhimmanci da zan faɗa yau. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke samar wa jiki nasa sinadarin irin wannan, kotisol, wanda ke riƙe bugun jini da sukari. Idan mutum ya wuce kamar mako uku yana shan na waje, 'yar tsokar sai ta kwanta barci. A yanke maganin rana ɗaya, na waje babu, na ciki babu, sai amai, jiri, jini ya faɗi, mutum yana iya mutuwa. A hankali ake saukowa, likita na rage adadin. Mama ta ci gaba da sha yadda aka rubuta. Abin da za ki yi, ranar komawa asibiti ki tambaya ko an duba ta game da tarin fuka, a auna sukari da hawan jini, a kuma yi maganar ko za a iya rage mata. Sannan ku sani a gida, ita ba za ku jira zazzaɓi ba. Tarin da ya kai mako biyu, kasala ta ba gaira ba dalili, farin abu a harshe, ƙurji mai bin gefe ɗaya na jiki, ciwon da ya ƙi rufewa, duk asibiti ne.

Man shafawar ki kuwa, kilobetasol na cikin mafi ƙarfin wannan dangi. Shi ya sa masu shafa shi ke fama da makero da ƙyasfi masu faɗi waɗanda ba sa jin magani, da nankarwa, da fata mai siriri har jijiya na nunawa. Idan kin daɗe kina shafe jiki duka da shi, yana ratsawa cikin jini, ki ga likitan fata ya tsara miki yadda za ki bari.

Uwar Biyu: Na gode Likita, wallahi har na ɗauko ledar. Na mayar. Shekara biyu ke nan ina shafawa, kuma makeron da ka faɗa yana cinyata.

Mai Kemis: Likita, wannan ta yankewar ta taɓa ni. Ina da mutum huɗu da na san duk mako suna zuwa sayen haɗin nan, ɗaya ya kusa shekara. Da na karanta maganar Sista na yi niyyar gobe in ce ya ƙare. Ke nan hakan ma haɗari ne.

Likitan Ƙirji: Haɗari ne babba. Ka zaunar da kowannensu ka faɗa masa sunan abin da yake sha, ka rubuta masa a takarda adadin da tsawon lokacin, ya kai wa likita a wannan makon, kuma kada ya tsallake ko kwana ɗaya kafin a gan shi. Sabon mai zuwa kuwa, kada ka fara masa.

Nas ɗin Yara: Malam, in ka yi haka ka yi abin da da yawa ba su yi ba. Wanda ya kusa shekarar nan, in da hali ka raka shi da kanka, dattawa ba sa son zuwa su kaɗai.

Baban Sadik: Ni har yanzu ina ganin da hukuma ta hana sayar da ita barkatai da duk wannan bai taso ba. Ba kowa ke cikin zaure irin wannan ba.

Mai Kemis: Dokar tana nan Baban Sadik, maganin takardar likita ne tun asali.

Maman Ilham: Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Yanzu na gane dalilin da ya sa ba a raba ƙanwata da ƙwayar nan take ba, ana rage mata ne duk mako, da har ina jin haushin likitan. Ta shiga wata na biyu a maganin tarin, kyauta ake ba ta, an ce wata shida za ta yi. Fitsarinta ya koma ja kamar zoɓo, an ce ɗaya daga cikin ƙwayoyin ne. Fuskar ta fara saɓewa, sai yanzu muka ga yadda hannuwanta suka zama kamar sillen kara. Likita, tambaya ta ƙarshe. Ilham shekararta uku, kuma kafin biki a ɗaki ɗaya suke kwana da ita. Ba ta tari, ba ta zazzaɓi.

Likitan Ƙirji: Ki kai ta gobe, can inda ƙanwarki ke karɓar magani, ki ce yarinya ce 'yar ƙasa da shekara biyar da ta kwana ɗaki ɗaya da mai tarin fuka. Za su duba ta, in ba ta da ciwon za su ba ta maganin kariya na wasu watanni. Ki tafi da katin rigakafinta da na awon nauyi. Angon ma da Umma a duba su.

Maman Ilham: In sha Allahu da sassafe. Umma ce za ta yi gardama, amma zan ce Ilham za ta raka.